Rakiyar da Ta Kai Ni Tsakiyar Dam

Tun da na dawo ban huta ba. A ofis tambaya, a masallaci bayan an sallame tambaya, wurin mai shayin bakin kasuwar Samaru tambaya. Har mutanen da rabonmu da gaisawa tun sunan ɗana na fari, yanzu su ne ke tsallako titi su ce, "Malam Inuwa, ashe an je teku? Yaya mutanen can?" Wasu ma sun riga sun taya ni ba da labarin. Akwai wanda ya rantse kada ya biyo mu, akwai wanda ya ji daga majiya mai ƙarfi cewa ba wando aka tsamo ni. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin da ya faru da hannuna, kowa ya karanta, in samu in sha shayina da zafinsa. Tafiyar nan dai, zuwa da dawowa, ba ta kai mil ashirin ba, amma na san alhazan da suka je Makka ta ƙasa suka dawo ba a yi musu rabin tambayoyin da aka yi mini ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ne mai awon yanayi a gonar gwaji ta Samaru. Aikin ba shi da wuya, shi ya sa kowa yake ganin zai iya. Akwai ɗan fili da aka kewaye da waya, a ciki da farin akwati mai ma'aunin zafi, da mazurarin da ke tara ruwan sama a kwalba, da wasu kofuna uku a kan dogon ƙarfe masu juyawa in iska ta taso. Kullum ƙarfe takwas na safe, ba saura minti ba, ba da minti ba, sai in buɗe kwaɗo in duba in rubuta a littafi. Ruwan sama yakan jira mutum a kwalbarsa, amma zafin ƙarfe takwas da iskar ƙarfe takwas ba sa jiran kowa. In ka zo takwas da rabi, wani abu dabam ka auna.

Marigayi Malam Dabo, wanda ya koya mini aikin, ya yi shekara goma sha tara bai bar layi ɗaya ba rubutu ba. Ranar da ya miƙa mini mabuɗi bai yi mini nasiha kan aure ko zaman duniya ba, cewa kawai ya yi, "Inuwa, littafin nan ba shi da giɓi. Kada ya fara a hannunka." Na riƙe shekara goma sha ɗaya. Ranar sallah sai na auna nake wucewa idi. Ranar da aka haifi 'yata sai da na auna na koma asibiti. Hutun shekara kuwa takardar kawai nake cikawa, da safe a gan ni a bakin waya. Ba ni da mota, ba ni da bene, rediyona ma sai an mare shi yake magana. Abin da nake taƙama da shi a duniya littafin nan ne.

A Muchia nake zaune, kuma katanga ɗaya ta raba ni da Baba Amakiri, shugaban kafintocin gonar. Sa'an mahaifina ne, mutumin ƙasar ruwa can kudu, inda ya ce yaro kan iya tuƙa kwalekwale kafin ya iya tafiya, ni kuma ba ni da hanyar ƙaryata shi. Shekararsa ashirin da bakwai a Zariya, in an cire waɗanda yaƙin basasa ya kore shi, kuma Hausarsa ta fi ta wasu 'yan bokonmu da na sani. Da aka gama dam ɗin da ke bayan Samaru sai dattijon nan ya rikice. Wata bakwai yana ƙwanƙwasar katako a tsakar gidansa. Mun ɗauka kabad yake yi wa 'yarsa ta aure, har matata Hajara ta leƙa ta kan katanga ta ce in kabad ne to a ciki amaryar za ta riƙa kwana. Daga baya ya kai wa wani tela a kasuwar Sabon Gari akoko ya ce a ɗinka masa shi kusurwa uku. Telan ya roƙe shi ya kawo mai rigar a gwada.

Ashe jirgin ruwa ne, kuma ba shi da inji, ƙyalle ake ɗaga masa iska ta tura. Tun daga nan duk asuba sai mu ji tarin tsohuwar a-kori-kurarsa, ya tafi ya yi yawonsa a kan ruwa, ya fito ya kama aiki. Mutanen unguwa suka zauna suka duba lamarin suka yanke cewa tsufa ne. Ya gayyace ni ya fi sau goma, kullum ina ba shi uzuri mai kyau, don ni ruwan da na amince da shi na buta ne.

Ranar wata Laraba, ƙarshen damina, ana cirar gyaɗa, na dawo daga sallar asuba ke nan sai na ji sallama. Baba Amakiri ne da gajeren wando da malafa, riƙe da wani faffaɗan katako da ya jingine a bango. Bai taɓa shigowa zaurena da sassafe ba. Na shimfiɗa masa tabarma, na tambayi matarsa Mama da yara da gajiya, sannan ya ce, "Malam Inuwa, kai ne mai littafin iska. Yau yaya za ta yi?"

Na gyara zama, don ba a cika yi mini wannan tambayar ba. Na ce, "Baba, a irin wannan wata takan taso da asuba daga kudu maso yamma, mai laushi. Amma da bakwai ta yi, ko da 'yan mintoci, sai ta kwanta kamar an rufe ƙofa. Shekara goma sha ɗaya haka nake gani." Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan maganar, don da bakina na faɗe ta.

Ya yi godiya ya miƙe. To, mu nan an san yadda ake yi. Babba ya tako har zaurenka, ba za ka zauna kana kallon ƙeyarsa ba, sai ka taka masa. In kuwa sa'an ubanka ne, ba kai za ka fara cewa ka gaji ba. Kana biye da shi har sai ya juyo da kansa ya ce, "To, koma haka nan, na gode." Wannan 'yar maganar ita ce sallamarka. Na zura silifa, na ɗora hula, na ce wa Hajara ta zuba koko ina zuwa.

Zangon farko daga zaure ne zuwa mota, taku goma sha biyar. Jirgin yana kwance a bayanta. Na tsaya ina jiran a sallame ni, sai na ga Baba yana tsaki yana jujjuya wata igiya.

"Ka ga, ta tsinke. Malam, hau ka riƙe mini doguwar sandar nan zuwa kwana, kada ta zame ta fasa wa mutane kai."

Na hau, tunda kwana ba nisa. Kwanar ta zo ta wuce. Ta biyu ma ta zo ta wuce. Hannuna biyu suna kan sanda, Baba yana can cikin mota, injin kuma yana kuka kamar na niƙa. Na bugi rufin motar da gwiwa, sai ya fiddo hannu ta taga ya ɗaga mini kamar gwamna. Tuƙinsa kuwa, shekara biyar ke nan da aka koma bin hannun dama amma Baba bai gama amincewa da dokar ba, don haka tsakiyar titi yake bi, kada ya saɓa wa tsohuwar gwamnati ko sabuwa.

A Palladan muka wuce Malam Tanimu, akawun ofishinmu, yana tsugune a ƙofar gidansa yana asuwaki. Ya ɗago kai ya gan ni a tsaye bisa mota, rigar barci tana kaɗawa, na rungume sanda kamar za ni kafa tuta. Asuwakin ya faɗi daga bakinsa. Duk labarin da kuka ji na kada da na wando daga wannan bakin ya fito.

Shida saura muka wuce ƙofar gonarmu, har na hango farin akwatina cikin waya. Na taɓa aljihu da gwiwar hannu na ji mabuɗi yana nan, don ko barci da shi nake yi. Na yi lissafi hankalina ya kwanta. Daga dam zuwa akwatin tafiyar minti ashirin ce a ƙasa. In ya sallame ni a bakin ruwa zan riga kowa zuwa aiki, iyaka dai in yi aikin da silifa.

Dam ɗin ma ƙasa ce mai iyakarta, da sandar tare hanya, da jami'in shige da fice, wato wani tsohon soja maigadi mai babban kwat. Ya sara wa Baba, sannan ya dube ni daga hula zuwa silifa.

"Wannan fa?"

Na yi sauri na ce, "Rakiya na yo."

"Daga ina?"

"Muchia."

Ya auna nisan a ransa. "Lallai an ba ka tarbiyya. Ka iya ruwa?"

"A'a."

"To faɗa mini sunanka da na mai unguwarku, saboda halin rayuwa." Bai ma rubuta ba, ya ce zai riƙe a ka.

A bakin ruwa kuma sai aiki ya taso. Kama nan, ɗaga can, shiga ruwa kaɗan ka riƙe masa hanci. Duk lokacin da na gyara murya na kalli hanya don Baba ya tuna da ni, sai ya miƙo mini wani abu. A ƙarshe ya ce in shiga in zauna in danne jirgin kada ya kife, shi zai ɗaura ƙyalle. Na shiga na zauna na dafe gefe da hannu biyu, idona a kan ƙafafuna. Da na ɗago kai sai na ga maigadi yana ƙanƙancewa.

Na ce, "Baba, ƙasa tana tafiya."

Ya ce, "Ba ita ba ce, mu ne."

Masaukin da aka ba ni a wannan ƙasa bai fi tabarmar sallah biyu ba. Babu kujera, a gefen katako mutum yake ɗosana mazaunai, ruwa kuma yana shigowa gaishe shi ba sallama. Al'adun mutanen wurin, mu biyu ne kacal har da ni, sun bambanta da namu ƙwarai. Da farko babu don Allah a bakinsu. Muna cikin tafiya Baba ya daka tsawa, "Sunkuya!" A gidanmu in za a ce wa magidanci mai 'ya'ya huɗu ya sunkuya, akan fara da ba shi haƙuri a faɗa masa dalili. Ina jiran dalilin sai sandar da ke kwance ƙarƙashin ƙyallen ta zagayo ta ɗauke mini hula. Ƙube ce, Hajara ta yi wata biyu tana ɗinkinta. Na bi ta da kallo tana tafiya a kan ruwa cikin natsuwa, ta fi ni iya tafiyar nesa ba kusa ba.

Sannan a can ba a nufar wuri kai tsaye. Baba ya nuna mini wata ɗorawa a ɗaya gaɓar ya ce can za mu, sai ya juya jirgin ya nufi wani wajen dabam. Da muka yi nisa ya sake juyawa ya nufi wani wajen. Na tambaye shi ko mun ɓata ne. Ya ce a'a, in iska tana fitowa daga inda kake son zuwa, sai ka bi ta gefe da gefe. Na ce ashe irin neman aure ne, sai an bi ta wurin kawu da gwaggo. Ya ce haka ne, sunkuya. A wannan karon ban nemi dalili ba.

Abinci kuwa shayi ne a fulas da ƙosan da Mama ta soya. Mu nan yaji a gefe muke ajiye shi, kowa ya zaɓi iyakar azabar da zai iya. Su a cikin ƙullun suke markaɗa attaruhu, ba a shawara da kai. Na ci uku da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da raina a gefen jirgi, hanci yana zuba, ina cewa madalla.

Yanzu zan faɗi abin da ban taɓa faɗa a wurin mai shayi ba. Na ji daɗi. Ba ɗan daɗi na kara ba, daɗi irin wanda rabona da shi tun ina yaro.

Ya faru ne da Baba ya miƙo mini igiyar ƙyallen ya ce in riƙe. Na karɓa a tsorace, sai na ji ana ja daga ɗaya ɓangaren, a hankali, kamar ɗan maraƙi mai hankali. In na ja, jirgin ya ɗan kishingiɗa ya ƙara sauri. In na saki, ya miƙe ya huta. Rana ta fara leƙowa, balbelu suna wucewa ƙasa ƙasa, ba ƙarar inji, ba oda, ba mai kiran sunana, sai ruwa yana 'yar magana a ƙarƙashin katako kamar ana zuba shi a randa. Shekara goma sha ɗaya ina rubuta iskar nan da lamba, yau uku, gobe huɗu, jibi biyu, har ina yi wa mutane bayani a kanta, ban taɓa sanin tana da nauyi a hannu ba. Na waiwaya na ga Baba yana waƙa ƙasa ƙasa da yarensu. Fuskar da na saba gani tana faɗa da masu yanka katako a karkace ta saki gaba ɗaya, har ya yi kama da hotonsa na aure da ke rataye a falonsa.

Can ya dubi agogo ya ce, "Malam Inuwa, bakwai saura kwata. Mu juya?"

Ni kuwa, mai littafin iska, magajin Malam Dabo, wanda ya gyara zama a zaure ya yi bayani, sai na ji bakina ya ce, "Baba, mu ɗan kai ɗorawar nan tukuna." Ba wanda ya sa ni. Na so in ɗora wa wani, na nema ban samu ba.

Bakwai da minti biyar ƙyallen ya saki jiki ya rataye kamar wanki. Ruwan ya kwanta lumui. Muna can ƙarshen dam, ɗorawar tana gabanmu kaɗan, bakin da muka taso kuwa sai an ƙanƙance ido ake ganinsa. Ban taɓa jin haushin kasancewa mai gaskiya kamar ran nan ba. Na ce, "To sai mu tuƙa da hannu. Ina filafili?" Wato katakon tuƙi. Baba ya duba ƙarƙashinsa, ya duba ƙarƙashina, ya cire malafa ya sosa kai.

"Yana jingine a zaurenka."

Da silifana muka yi tuƙin, shi ɗaya ni ɗaya. Da yake ni tsoro ne ke tuƙa ni, shi kuma tsufa ke riƙe shi, sai jirgin ya dinga zagaye wuri ɗaya. Na ga ɗorawa, na ga gaɓa, na sake ganin ɗorawa. Agogon Baba ya ce bakwai da rabi, ya ce takwas saura kwata. Nan ne tarbiyyar da maigadi ya yaba ta ƙare, na ɗaga wa sa'an ubana murya, abin da ban taɓa yi ba.

"Haba Baba! Tun daga Muchia nake jira ka ce in koma! Shekara ashirin da bakwai a Zariya, a ce ba ka san rakiya ba?"

Ya ajiye silifan a cinyarsa. "Na san ta sarai. Na raka mutane, an raka ni. Na san da na ce ka koma, da ka koma. Igiyar ma ba tsinkewa ta yi ba, ni na kwance ta."



Ya ce, "Ƙarshen watan nan zan gama aiki, gida zan koma. Wata uku ina fitowa nan ni kaɗai, in dawo ba wanda zan faɗa wa, kowa yana cewa tsufa ne. Kana tsammanin ba na ji? Abu in ya yi daɗi haka, mutum yana son ko mutum ɗaya ya gani da idonsa. Na duba duk Muchia, kai kaɗai ne ka damu da iska." Ya ɗauki silifan ya sake tsoma shi a ruwa. "Filafili mantuwa ce, ka yafe mini. Amma makara, ai na tambaye ka ko mu juya."

 Muna haka sai ƙarar ƙarfen da ake bugawa a gona ƙarfe takwas ta biyo kan ruwa ta same mu, tar, kamar a bayan kunnena ake bugawa. Kullum ƙarar nan tana samuna da alƙalami a hannu. Na taɓa mabuɗin a aljihu. Shekara talatin, tawa da ta Malam Dabo, ta tsaya ina zaune a akwatin katako da silifa ɗaya a hannu. Idona ya ciko. Na ce attaruhun ƙosai ne, Baba ya ce lallai Mama ta cika shi yau.

Wanda ya cece mu wani masunci ne da ya zo a kwance bisa ƙatuwar gora, yana tura ruwa da ƙafa. Ya zagaye mu sau ɗaya yana dubawa.

"Sannunku. Me kuka kama?"

Baba ya ce, "Ba kifi muke nema ba."

"To me ya faɗa muku?"

"Ba komai. Don daɗi muka shigo."

Masuncin ya kalli dattijo mai gajeren wando, ya kalli magidanci mai rigar barci, ya kalli silifan da ke hannunmu. Ya ce, "To, Allah ya ƙara daɗi." Ya dafa bayan jirgin ya fara tura mu. A kansa akwai wata ƙube jiƙaƙƙiya da na san kowane zare nata. Amma ba a tambayar mutum hula yana cikin tura ka zuwa tudu.

Tara da minti ashirin na shiga ofis, ba hula, wando yana ɗiga. Malam Tanimu ya riga ya tara jama'a, har da mutanen da ba sashenmu suke ba. Da aka gama yi mini barka da sauka, ya biyo ni wurin littafi ya rage murya, don shi a ganinsa taimako zai yi.

"Kwafi na jiya mana. Zafin jiya da na yau ai 'yan uwa ne. Wa zai sani?"

Na daɗe riƙe da alƙalamin, ba zan ɓoye ba. Sannan na ja ɗan layi a gurbin, na rubuta a gefe cewa ba a auna ba. Na ɗauki littafin na kai wa shugaban sashenmu da kaina, na tsaya ina jiran hukunci. Ya duba ta saman tabarau ya ce ba komai, rana ɗaya ce, in je in canza wando. Wallahi da takardar gargaɗi ya ba ni da ya fi mini sauƙi. Ashe duk shekarun nan mutum biyu ne kawai suka damu da giɓin, ɗaya kuma yana kabari.

Da yamma na koma gida na tarar da filafili a zaure inda aka bar shi. Hajara ta kawo mini kokon safe ya daskare a kwano, ta ajiye a gabana da ladabi ta ce, "Malam, an raka shi lafiya? Ina hular?"

Kwana huɗu ban yi wa Baba magana ba, gaisuwa kawai, ita ma a taƙaice. Rana ta biyar da ya fito da asuba ya tarar da ni a bayan a-kori-kura da filafili a hannu. Na gaya masa na zo ne kawai don kada wani ya sake cutuwa. Sau tara muka ƙara fita. Bakwai saura kwata nake juya mu ko ana rabon aljanna a gaba, kuma ban sake makara ba.

Ranar tafiyarsa Asabar ce, jirgin ƙasansu zai tashi takwas da kwata. Kwalekwalen ya bar shi a ƙarƙashin itace wurin maigadi, ƙyallen kuma ya naɗe ya ba ni ba tare da wani jawabi ba. Na bi su tasha a kan keke, na taya Mama shigar da kaya, muka tsaya ni da shi a bakin tarago muna maganar da ba ta da amfani, ta farashin katako da ciwon gwiwa. Can ya dubi agogonsa, sannan ya dube ni.

"Malam Inuwa, bakwai da minti goma. In ka taka keke yanzu za ka sami takwas. Koma haka nan, na gode."

Maganar da na jira tun daga ƙofar zaurena ke nan, ga ta an ba ni ita cikakkiya. Keke yana hannuna, mabuɗi yana aljihuna, hanyar Samaru a buɗe. Na dubi dattijon nan da malafarsa, na san ba zan sake ganinsa ba.

Na ce, "Baba, ai ban gaji ba."

Ina tsaye har jirgin ya yi kuka ya ja, har malafar da yake kaɗawa ta taga ta ɓace a kwana. Masu tambayata yaya tafiyar ta kasance, ga amsar: littafin yanzu giɓi biyu gare shi. Na farkon dabara aka yi mini, na kuma taimaka. Na biyun kuwa, in Allah ya haɗa ni da Malam Dabo ya tambaye ni, zan gaya masa rakiya na yi.